Jakuna Uku

Kakata Ta-Sallah takan ce sunansa Gwadabe,
ta ɗaga hannu ta nuna kudu
kamar kudun wani lungu ne a bayan gidanmu.
Jakuna uku, mangalar kanwa, hakiya a idon hagu:
iyakar gadon da ta bar mini ke nan.
"Shekarar fara ya tafi, ina goye."
Wace farar, Kaka? Sau nawa ta zo?
Sai ta ce in miƙo mata goro.

Bayan arba'in ɗinta na shiga nema.

Wani ɗaki a Gombe mai warin jemage,
Malam Kawuwa ya sauko da kundin harajin En'e,
ya hura, muka yi atishawa tare.
Gwadabe huɗu a Nafaɗa, shekara guda.
Ɗaya maƙeri.
Ɗaya kuturu, an yafe masa.
Ɗaya ya biya sule bakwai cif.
Na huɗu an rubuta masa "ya gudu",
gara kuma ta bi shi ta cinye unguwar,
ta cinye sunan ubansa,
ta bar mini rami daidai ɗan yatsa.

Takardun ƙidaya ba su san kowa ba.
Maza kaza, mata kaza, awaki kaza.
Malam Kawuwa ya ce ko wannan kada in yarda,
ranar ƙirga a rumbu ake ɓoye samari,
kowa ya san ƙirga yayan haraji ne.
To wa zai ƙirga bafatake
wanda gari bai taɓa waye masa sau biyu a inuwa ɗaya ba?

Wani direba a tashar Kumo ne ya ce in hau Tula.
Can, in ji shi, sun rubuta har haihuwar tagwaye.

Mota ta yi nishi a kan dutse.
Baba Filibus, mai riƙon makullin majami'a,
ya ba ni ruwa a moɗa kafin ya tambayi sunana.
Na ce ga carbi a aljihuna, ko da damuwa?
Ya yi dariya da haƙora uku:
"Waɗanda ke cikin littafin nan sun daina tambaya."

Baftisma, aure, mutuwa.
Tawada ta koma launin jar kanwa.
Yatsana na bin layi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
har la'asar ta karkata,
sai ga shi, tsakanin jaririn da ya kwana biyu
da auren wata Rifkatu:

"Baƙo, Bahaushe, mai jakuna.
Ya kwana tara da zazzaɓi a zauren malamin bishara.
Ba mu san sunansa ba.
An kira mahaucin kasuwa ya yi masa yadda nasu ke yi.
An kwantar da shi yana duban gabas.
Jakuna biyu suna wurin mai unguwa."

Biyu.
Na karanta sau uku, ba su ƙaru ba.
Ba a ce komai a kan ido ba.
Jaki yakan mutu a hanya, na ce wa kaina,
akan sayar da shi a sayi magani,
yarinyar da ke goye kuma
wa ya koya mata ƙirga?

Baba Filibus ya kai ni bayan gonar gyaɗa,
ƙarƙashin wata ɗorawa, duwatsu a warwatse.
Ya ce, "Nan ne, ko can gaba kaɗan."
Ya cire hula ya tsaya.
Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya
ga wanda ke nan, ko nawa ne ko na wasu,
don wani gidan ma, a Azare ko Misau,
wata tsohuwa ta mutu tana nuna kudu.

Da na dawo 'yata ta tare ni a ƙofa:
"Baba, ka same shi?"
Uwarta na jefa kanwa a miyar kuɓewa,
tukunya ta taso da kumfa.
Na ce bari in cire takalmi tukuna.